Rigar silikon ko ta soso: wacce ta dace da tab ɗin yara?

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce kin sayo wa yara Samsung Galaxy Tab A9+ don sauraron karatun Alƙur'ani da bitar darussan makaranta, babban shekararsa bakwai, ƙaramar uku, kuma mai shago ya baje miki riguna iri uku: ta silikon mai laushi, ta soso mai mariƙi, da mai buɗewa kamar littafi. Kina son sanin wacce za ki ɗauka. In a taƙaice kike so, ɗauki mai kaurin kusurwa, ko ta soso ce ko ta silikon, ki haɗa mata da gilashin kariya na fuska. Amma da yake akwai 'yar shekara uku a gidan, zaɓin tsakanin biyun yana buƙatar ɗan bayani.

Tab ɗin nan inci 11 ne, nauyinsa ya kusa rabin kilo. Idan ya suɓuce daga hannun yaro, da wuya ya faɗi a kwance. Kusurwa ce ke fara taɓa ƙasa, duk nauyin ya taru a wannan ɗan wurin, daga nan tsagewar ta bi gilashin. Shi ya sa duk rigar da aka miƙo miki, kada launinta ko zanen da ke bayanta ya ɗauke miki hankali. Kama kusurwar da yatsu biyu ki matsa. In yatsunki sun kusa haɗuwa, babu abin da za ta tsare. Sannan ki sa tab ɗin a ciki, ki kife shi a kan tebur, ki sunkuya ki leƙa ta gefe: ya kamata leɓen rigar ne ke zaune a kan teburin, ki ga ɗan haske tsakanin gilashin da katakon. Rigar da ta faɗi waɗannan gwaje-gwaje biyu, ko da me aka yi ta, mayar masa da abarsa.

Silikon yana da alherinsa. Ba ya santsi a hannu, ko hannun yaro da gumi, kuma in an ajiye shi a kan kujera ko hannun gado ba ya zamewa. Zafi ba ya narkar da shi, don da irinsa ake yin wasu kayan gashin kek da ake sawa a cikin oben, sanyin hunturu kuma ba ya busar da shi ya tsage. Wankinsa ba wahala: ruwa da sabulu, a bar shi ya bushe sarai, shi ke nan. Ga gidan da ake shan kunu ko cin tuwo a gaban tab, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Matsalarsa ta farko ita ce yawancin abin da ake sayarwa da sunan silikon a kasuwa siriri ne ƙwarai. Irin wannan yana hana ƙarcewa, amma ba ya tare faɗuwa. Ta biyu, yana saki. Yara suna son ɓare kusurwa su mayar, kuma a tab mai faɗin inci 11 gefen dogo ne, ba abin da ke riƙe tsakiyarsa. Bayan 'yan watanni sai ki ga gefen ya yi lakwam kamar wuyan tsohuwar singileti, ranar da tab ya faɗi kuwa rigar ce za ta fara zamewa ta bar kusurwar a fili. Mai da man shafawa suna ƙara saurin sakin. Ta uku ita ce ƙura. Silikon yana kama ƙura da zaren tufafi, kuma lokacin hunturu ƙurar kan shige ta gefen da ya saki ta kwanta tsakanin rigar da bayan tab ɗin. Bayan A9+ na ƙarfe ne, tsakuwar ƙurar tana ta gogarsa a ɓoye, sai ranar da aka cire rigar a tarar da ɗigo-ɗigon ƙarcewa. Maganin wannan shi ne a riƙa cirewa ana sharewa duk mako ko biyu.

Ta soso kuma, wadda za ki ga an rubuta EVA a jikin ledarta, da irin abin da ake yin ƙasan silifas aka yi ta. Kauri ne da ita sosai amma ba nauyi, kuma wajen shanye faɗuwa ta fi siririyar silikon nesa ba kusa ba. Yawanci tana zuwa da mariƙi wanda ake lanƙwasawa ya zama madogara, yaro ya jingine tab ɗin a gabansa yana bin karatu hannunsa a sake. Mariƙin nan shi kansa kariya ne, domin tab kan faɗi daga hannun yara wajen ɗauka daga ɗaki zuwa tsakar gida. Ba ta saki kamar silikon, shigar da tab ɗin ma sai kin ɗan yi ƙarfi, wanda ke nufin yaro ba zai iya cire shi da sauƙi ba.

Sai dai ga inda 'yar autarki ta shigo. Haƙori yana gutsurar soso. Yaron da har yanzu yake kai abu baki zai iya ɓantaro gutsure daga kusurwa ko mariƙin, kuma ba abin da uwa ke son ya shiga maƙogwaron ɗanta ba ne. Farce da biro ma suna huda shi. Silikon mai kauri ya fi jure cizo, yakan miƙe ne ya koma. Don haka ke kika san 'yarki. In ta daina tauna abubuwa, ta soso nake ba ki shawara ba tare da wani kokwanto ba. In har yanzu tana yi, nemi silikon mai kauri, irin wanda kusurwoyinsa suka kumburo waje kuma yake da madogara a baya. Ya fi ta soso nauyi, amma hankalinki zai fi kwanciya. Ko wacce ce, ki shinshina ta kafin ki biya. Wadda ke tashin wari mai ƙarfi irin na sinadari ba ta dace da hannun yara ba.

Mai buɗewa kamar littafi ta manya ce. Amfaninta shi ne tana rufe fuskar idan an jefa tab ɗin a jaka tare da makullai, wasu kuma suna da maganaɗisu da ke kashe fuskar in an rufe, ya kunna in an buɗe. Amma a hannun yaro kullum a buɗe take, wato lokacin da za ta faɗi murfin ba ya aikin komai, kuma kusurwoyinta siraran roba ne masu tauri da kan tsage. Fatar da ke jikinta yawanci ba ta gaske ba ce, zafi na sa ta saɓulewa. Da ke ce za ki riƙa fita da shi wurin aiki, da na ce ki duba ta. Akwai kuma wata garai-garai da ake ganin bayan tab ta cikinta, mai suna TPU. Ta fi silikon riƙe siffarta, ba ta kama ƙura kamarsa, sai dai hasken rana na mayar da ita rawaya, kuma ta yi wa 'yan shekara uku da bakwai siranta.

Abin da masu shago ba su cika faɗa ba shi ne zafi, kuma shi ya fi damuna. Silikon da soso duka suna riƙe zafi, ba sa barin bayan tab ɗin ya sha iska. Kamfanin Apple ya ƙayyade cewa a yi amfani da iPad a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, kuma ya ce in na'ura na ɗaukar zafi wajen caji a cire mata riga. Batirin Samsung ɗinki irin wancan ne, na litiyom, zafi ke rage masa kwana. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, watan Afrilu zafin kan haura 40. Ki haɗa wannan da abin da muka saba: an kawo wuta, an yi maza an jona caji, yaro kuma ya zauna a jikin soket yana kallo, tab ɗin na kan katifa cikin riga mai kauri. Zafin caji, zafin aiki, zafin gari, duka a lokaci guda. Daga nan ne batir ke fara saurin ƙarewa, wani har ya kumbura ya turo fuskar sama. Ki kafa doka tun yau cewa ba a kallo ana caji, kuma a yi cajin a kan tayil ko tebur. Lokacin bazara, in kin taɓa fuskar kin ji ta yi zafi, cire rigar har batirin ya cika. A nan silikon ya ɗan fi sauƙi, domin cire shi da mayarwa ba ya cin lokaci, ita kuwa ta soso sai an yi kokawa da ita.

Za ki iya ganin an buga MIL-STD-810G a jikin wani kwalin, mai shago ya ce miki ta sojoji ce. Ƙa'idar gwaji ce ta sojojin Amurka: a saki abu sau 26 daga tsayin santimita 122 a kan katakon da aka shimfiɗa bisa kankare. Amma babu wata hukumar da ke bin kamfanoni tana tabbatar da sun yi, kowa shi ke gwada kayansa ya buga. A jikin rigar da ba ta da ko sunan kamfani, rubutun tawada ne kawai. Kada ki ƙara ko naira ɗaya a kansa, yatsunki a kan kusurwar sun fi shi faɗa miki gaskiya.

Kada kuma ki yarda da “duk inci ɗaya ne, zai shiga”. Rigar Tab A8 mai inci 10.5 ba ta A9+ ba ce, ko da an tura ta da ƙarfi ta shiga. Hatta iPad na 10 da iPad Air na 5, waɗanda dukansu inci 10.9 ne, kaurinsu ya bambanta, rigar ɗaya ba ta zama daidai a ɗayan. Lambar naki tana cikin saitin tab ɗin da kuma jikin kwali, za ki ga SM-X210 in mai Wi-Fi kaɗai ne, ko SM-X216 in mai 5G ne. A9+ sifika huɗu ne da shi, biyu a kowane gefe, don haka ki tabbata ramukan huɗun a buɗe suke, tunda sauraron karatu aka saye shi dominsa. Ki duba ramin kamara da na abin sawa a kunne, ki danna maɓallin ƙara sauti ki ji ko yana amsawa ba tare da kin yi ƙarfi ba.

Mafi kyau ki tafi da tab ɗin da cajarsa kasuwar, ko Farm Centre ce in a Kano kike, ko duk inda ya fi miki kusa. Wasu riguna masu kauri ramin cajinsu ƙarami ne, kan wayar cajar ba ya shiga har ƙarshe, sai an koma gida a ga caji na kamawa yana saki. A can kuma ki sa a liƙa gilashin kariyar tukuna, sannan a sa rigar a gabanki, domin leɓen wasu rigunan yana ɗago gefen gilashin, iska ta shiga ƙarƙashinsa. In kika ga haka, a canza gilashin da wanda ya ɗan gaza kaiwa bakin fuskar.