Sertralin ya sauke mini damuwa, amma sai da ya hana ni barci

Wata shida ke nan da likita ya ɗora ni a kan sertralin, ƙwaya ɗaya mai miligiram 50 a kullum, saboda ciwon damuwa da ya yi kusan shekara yana cina. Maganin ya yi mini aiki, wannan ba zan ɓoye ba. Sai dai makonni uku na farko na sha wuya, har saura ƙiris in watsar da shi.

Da daddare na fara sha, don kada in riƙa mantawa. Kwana biyu kacal ido ya ƙeƙashe. In kwanta ƙarfe 11, jiki ya yi laushi da gajiya, amma kai ya ƙi yin shiru. In barcin ya samu, ƙarfe 3 na farka sharkaf da gumi, muƙamuƙi na ciwo saboda cizon haƙora. Ga mafarkai dogaye, tar-tar kamar ido biyu, in tashi na rasa wanne ne ya faru, wanne ne bai faru ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na san irin wannan farkawar. Ita ciwon ya fara kawo mini tun kafin magani, sai na ɗauka ƙwayar ƙara shi take yi.

A kwana na 12 na koma asibiti. Na ce, "Likita, na gaji, zan daina." Ya ce, "Malama, da wane lokaci kike sha?" Da na faɗa masa, sai ya ce in mayar da shi safiya. Ya bayyana mini cewa irin wannan maganin yana ƙara yawan sinadarin serotonin da ƙwaƙwalwa ke aiki da shi, wasu ya sa su gyangyaɗi, wasu ya wartsakar da su. Illolin kan riga amfanin zuwa, shi amfanin yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin ya zauna sosai. Kuma maganin na daɗewa a jiki, sai bayan kamar awa 26 rabinsa ke fita, don haka sauya lokaci ba ya rage masa ƙarfi.

Ƙorafina ɗaya ne, kuma har yau yana raina: me ya hana a gaya mini wannan ranar farko? Yana rubuce a takardar cikin kwali, cikin ƙananan haruffa, amma mai ciwon damuwa da ƙyar yake iya karanta layi biyu. Magana ta minti ɗaya da ta rage mini dare goma na fargaba.

Sha da safe ya rage abin da yawa, bai kawar da shi duka ba. Na daina kofi bayan ƙarfe 12 na rana, tunda yakan yi awanni yana aiki a jiki. Na tsayar da lokacin tashi ɗaya ko da daren ya yi muni, na haƙura da barcin rana, wanda shi ne ya fi yi mini wuya. In na yi kamar minti 20 ina juyi, sai in sauka daga gado in zauna a haske kaɗan har ido ya yi nauyi. A mako na biyar na fara samun awa shida a jere.

A wata na huɗu ƙwayar ta ƙare mini na kwana uku. Jiri, tashin zuciya, da wani abu kamar jan lantarki a kai. Nan na gane abin da ya sa ba a yanke shi farat ɗaya, sai dai likita ya riƙa rage shi a hankali.

Wanda barcinsa ya ƙi daidaita, akwai wasu magungunan, kamar mirtazafin da ake sha da dare don yana sa barci, ko da yake yana buɗe ciki. Wanda kuma ya ji tunanin cutar da kansa a makonnin farko, musamman ɗan ƙasa da shekara 25, ya ga likita a ranar, kada ya jira.

Ni dai zan ci gaba da sertralin. Gumin dare ya tafi, cizon haƙora ya ragu. Mafarkan ne suka ƙi tafiya, kuma su zan fara yi wa likita magana a ganinmu na wata mai zuwa.