Ubuntu ko Linux Mint a Tsohuwar Kwamfuta?

Ƙanena ya sayo tsohuwar kwamfuta a Circle a Accra, ya kawo min ita Nima wai in ɗora mata Ubuntu, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows. Na ɗora. Fuskarsa da ake kira GNOME gwanin kyau, kuma kamfanin Canonical mai yin sa na kula da nau'in LTS (mai dogon tallafi) shekara 5 kyauta. Amma RAM (ƙwaƙwalwar aiki) 4GB ko fiye da haka yake nema, tamu kuwa sai jan ƙafa take kamar trotro a cunkoson yamma.

Linux Mint daga Ubuntu aka tsago shi, sai dai nau'insa mai fuskar Xfce ba nauyi, 2GB ma yana tafiya. Maɓallin manhajoji na ƙasa ta hagu, irin na Windows, yaron ko tambayata bai yi ba. Na sake zuba shi a filashin, muka bar mata Mint.