Sharhi kan manhajojin gwaji na FreeType

A ɗakin ɗab'in da nake aiki a Jidda muna buga wa alhazai ƙananan takardun jagora da Hausa, kuma sau da yawa salon rubutun (font) da ya yi kyau da Larabci sai a tarar ba shi da ɓ, ɗ da ƙ. Wannan ne ya sa na ɗauko ft2demos, wato manhajojin gwaji na FreeType, manhajar zana haruffa da David Turner ya fara, na harhaɗa su daga tushe a kan Linux.

Harhaɗawar tana buƙatar haƙuri. Dole ne a fara gina FreeType ɗin kansa, a ajiye jakar ft2demos kusa da tasa, lambar fitowar su biyun ta zama ɗaya, sannan a ba da umarnin make. Ni kam na manta fayilolin gina manhaja na X11, tsarin nuna tagogi a allo, don haka manhajojin da ke buɗe taga ba su samu ba sai da na girka su na sake.

Bayan haka aikin ya biya wahalarsa. Manhajar ftdump tana bayyana sunan salon rubutun da yawan haruffansa, ftview kuma tana jera su a allo, ta yadda cikin minti ɗaya nake gane ko ƙ tana nan. Ga masu Ajami kuwa, ftstring ba ta haɗa haruffan Larabci da juna, domin wannan aikin wata manhaja ce mai suna HarfBuzz, ba na FreeType ba.