Tumatir ko ganye? Amsa ga Hajiyar Aboabo mai bokiti takwas

Wata Hajiya daga unguwar Aboabo a Kumasi ta jefo tambaya a zauren nan. Gidan haya take, tsakar gida duk siminti, sai wani ɗan lungu mai ƙasa a bayan madafa wanda rana ba ta cika shiga ba. Tana da bokitin fenti takwas da 'yan buhunan shinkafa, ga kajin maƙwabta. Sau biyu tana shuka tumatir, da ya fara fure sai ya langaɓe ya mutu. Tana so a jera mata shuke-shuke, a faɗi wanda ya fi amfani kuma ba ya ba da kunya.

Hajiya, sannu da ƙoƙari, kuma ba hannunki ba ne. A Kumasi, abin da ake cin ganyensa ya fi abin da ake jiran 'ya'yansa rufin asiri. Ruwan da ke sauka a garin nan yana kai wajen milimita 1,400 a shekara, damina biyu: babba daga Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Wannan laimar abinci ce ga ganye, ga tumatir kuwa cuta ce.

Mu kwatanta tumatir da barkono tukuna. Tumatir yana son busasshiyar iska da dare mai ɗan sanyi, shi ya sa shekara da shekaru na Burkina Faso ke cika kasuwa da rani. Yadda kika siffanta mutuwar naki, ya yi kama da cutar nan da ke zaune cikin ƙasa tana toshe hanyar ruwa a kara: ganye yana kore shar amma ya yi laushi da rana, ya ɗan farfaɗo da dare, kwana biyu ko uku ya tafi. Ga gwaji: ki yanke karan kusa da gindi, ki tsoma bakin a kofin gilashi mai ruwa mai tsabta, kar ki motsa. In bayan 'yan mintoci kin ga farin abu kamar zaren madara yana saukowa, ita ce, kuma babu feshin da ke warkar da ita. Bayan ita akwai nannaɗewar ganye da wasu 'yan fararen ƙwari ke yaɗawa, ga kuma baƙin tabo a gindin ɗan tumatir in ban ruwa ya zama yau akwai gobe babu.

Barkono dangin tumatir ne, cutar ƙasar nan tana iya kama shi, amma ya fi shi taurin rai nesa. Tushe ɗaya a bokiti mai lita 20 yana iya wuce shekara yana ba ki. Kpakpo shito, ƙaramin barkonon nan dunƙulalle, ya fi ƙamshi, dogon nan siriri ya fi yawan 'ya'ya kuma yana shanyuwa. Abin da ke karya gwiwar mutane shi ne jinkirinsa: iri yakan yi mako ɗaya zuwa uku kafin ya tsiro, a yi renonsa mako biyar ko shida, sannan a dasa, sannan a jira wajen wata uku. Furen farko ki tsinke shi, reshe ya ƙaru. In kin ga tururuwa na hawa da sauka, ki juya ganyen, za ki tarar da ƙananan ƙwari a manne suna tsotsa. Bokiti biyu na barkono sun ishi gida. In kuma ran ki na kan tumatir, ki nemi ƙananan nan na gargajiya, ki shuka a ƙarshen Oktoba don ya yi 'ya'ya cikin hunturu, a sabuwar ƙasa, ki kafa masa sanda, ruwa kuma a gindi kawai.

Yanzu ga inda ribar take: ayoyo da alefu, wato abin da 'yan Najeriya ke kira lalo da alayyafo. Alefu ya fi sauri. Mako uku zuwa huɗu kin fara tsinka. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, don haka ki gauraya cokalin shayi ɗaya da yashi cokali goma, ki barbaɗa, ki ɗan danna da tafin hannu, kar ki binne. In ya tsiro cunkus kamar gashi, ki rage har ya zama tsakaninsu faɗin tafin hannu, wanda kika cire kuma miya ne. Aibinsa biyu: mayunwaci ne, in taki ya yi kaɗan ganyen ya koma rawaya, in ya sha ƙishi kwana biyu sai ya fid da kai ya daina ganye. Kuma tsutsa tana sonsa, irin wadda ke naɗe ganye da saƙa ta ɓuya a ciki.

Ayoyo ya fi shi haƙuri, amma yana da sirri ɗaya wanda rashin saninsa ke sa a ce iri ya mutu. Ɓawon irin yana da tauri, in aka watsa shi haka nan sai ya tsiro ɗaɗɗaya. Ki ƙulle shi a ƙyalle, ki tafasa ruwa ki sauke, ki tsoma ƙullin ki ƙirga goma, ki cire, ki baza a inuwa ya sha iska, ki shuka a ranar. Kar ki wuce ƙirga goma, in ba haka ba kin dafa shi. Mako biyar ko shida ya kai yanka. Kar ki tuge. Ki yanke ki bar kamar tsawon taƙi ɗaya daga ƙasa, ki ƙara ɗan taki, bayan mako biyu ko uku ya sake tohowa, haka har sau uku ko huɗu. In tushe ya tsumbure ba dalili, ki tuge ki duba saiwa: in ta yi ƙulli-ƙulli kamar carbi, tsutsar ƙasa ce da ido ba ya gani, sai ki sauya wannan bokitin zuwa alefu, don shi ba ta cika damunsa ba. Tsakanin biyun, mu dai ayoyo muke gabatarwa, saboda gidan da ake tuƙa tuwon zafi ba ya rasa inda zai kai shi, kuma yauƙin wanda aka tsinka yanzu daban yake da na wanda ya kwana a tire. Amma ki yi duka biyu, bokiti biyu-biyu, kina tsallake mako biyu tsakanin shuka da shuka don kar su zo miki rana ɗaya.

Lungun nan na bayan madafa kuwa kamar don kontomire aka yi shi. Ganyen gwaza yana son inuwa da ƙasa mai laima, abin da kusan duk sauran ba sa so. Ki samo uwar gwaza ko 'ya'yan da ke fitowa a gefenta, ki binne zurfin taƙi ɗaya, tsakani kamar taku ɗaya. Bayan wata biyu zuwa uku ki fara yankan ganye, amma kullum ki bar wa tushe uku, in kika aske shi tas zai rame. Ruwa ya kwanta a gindinsa kuma saiwa ta ruɓe, don haka in lungun na tara ruwan indararo ki yi masa ɗan tudu. A dafa shi sosai, in ba haka ba maƙogwaro ya sha ƙaiƙayi. Abokin gwajinsa dankali ne: yaɗo mai tsawon santimita 30, a binne gaɓa biyu ko uku a buhu, ganye ya zo da wuri, ga kuma saiwa bayan wata uku ko huɗu. Akwai mai jan cikin nan, Apomuden, wanda cibiyar binciken amfanin gona ta Fumesua ta fitar a 2005, yana da kyau ga yara. Sai dai dankali ɗan rana ne, a inuwa ba ya yin saiwa. Saboda haka lungu na kontomire, buhu a tsakar gida na dankali.

Zogale da shuwaka su ne waɗanda ake shukawa sau ɗaya. Shuwaka ta fi dacewa da laimar Kumasi, reshe kawai za ki soka ya kama, amma sai an sha wanki kafin ɗacin ya fita, kuma ba kowane yaro ke yarda da ita ba. Zogale ya fi shiga abinci, daga kwaɗo har miya. Ƙwaya ɗaya, zurfin gaɓar yatsa, mako ɗaya ko biyu ta fito. Kuskuren da ake yi shi ne a bar shi ya miƙe kamar falwaya, ganye can sama. Da ya kai ƙugu ki tsinke kansa, duk reshen da ya yi tsawo ki sake tsinkewa, sai ya zauna dunƙule. Ba ya son jiƙaƙƙiyar ƙasa. In ganyensa ya yi rawaya yana zuba a tsakiyar damina, yawanci ruwa ne ya yi masa yawa, ba yunwa ba. In za ki shanya, a inuwa. Da yake gidan haya ne, ki sa shi a rabin duro ko babban buhu, ranar tashi ku tashi tare.

Kuɓewa da gauta ba sai mun daɗe ba. Kuɓewa tana fara 'ya'ya wajen wata biyu, amma tushe biyu ba sa haɗa miya a rana ɗaya, sai kin sami shida ko fiye kina tsinka duk bayan kwana biyu. Gauta tana daɗewa tana bayarwa, amma tsutsa na huda 'ya'yan. Da bokiti takwas, ki bar su sai wuri ya ƙaru.

Duk wannan ya rataya ne a kan abin da ke cikin bokitin. Ki huda ramuka biyar ko shida a gefe, yatsa biyu daga ƙasa, ki ɗora bokitin kan bulo. Ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, yashi kashi ɗaya. Kashin kaji na gidan gona mai haɗe da garin katako yana da ƙarfi, amma ɗanye ƙona saiwa yake: ki tara shi, ki yayyafa ruwa, ki rufe da buhu, kina juyawa duk mako har mako shida, sai zafinsa da warin nan mai hawa hanci sun tafi. Baƙar ƙasar da ake sayarwa kuma ki tona ki gani. In da fasassun kwalabe da tsoffin batura a ciki, ta bola ce, kar ki ci ganyenta. Ruwan kwata da na rafin Aboabo ko Subin ma haka. Ruwan wankin shinkafa da na alwala sun wadatar, lita ɗaya zuwa biyu kowane bokiti da safe, da hunturu a ƙara da yamma.

Kaji kuma shinge ne maganinsu, ba kora ba: sanduna huɗu da tsohuwar raga, musamman makon farko da alefu ke tsirowa. Na ƙwari, ki daka 'ya'yan darbejiya busassu cikin tafin hannu biyu, ki jiƙa a lita ɗaya na ruwa ya kwana, ki tace, ki narka ɗan sabulun salo kamar ƙwayar gyaɗa, ki fesa da yamma har ƙarƙashin ganye, sau ɗaya a mako. Ki bar kwana biyu ko uku kafin tsinka, ki wanke sosai don ɗaci.

Bokitan da tumatir ya mutu a cikinsu, kar barkono ya shiga. Ki juye ƙasar nesa da lungun, ki wanke su da sabulu su yini a rana, ki zuba sabuwa. Biyun da suka rage miki a lissafi, ɗaya na albasa mai ganye: ki sayo ɗauri a kasuwar Kejetia, ki ci saman, ki dasa gindin da saiwarsa, kafin mako biyu ya toho. Ɗayan kuma na na'ana'a, ita kaɗai, don ba ta zama da kowa a bokiti ɗaya.