Shagon tsoffin littattafai a Jidda da labarin gawar fadama

Jama'a masu son littafin binciken kisa, akwai wani ɗan shagon tsoffin littattafai a tsohuwar unguwar Balad nan Jidda da ya kamata ku leƙa. Wurin ƙarami ne kuma mukayyif ɗinsu, wato na'urar sanyaya ɗaki, ba ya sanyi sosai, amma farashi da sauƙi wallahi, kuma dattijon da ke ciki ya karanta abin da yake sayarwa, shi ya zaɓo min wani na Turanci da aka gina kan gawarwakin fadamun Ailan.

Labarin dai masu yankan baƙar ƙasar fadama, wadda suke busarwa su hura wuta da ita, suka ci karo da gawa, aka kira 'yan sanda ana zaton kisan kwanan nan ne, to daga nan rigima ta tashi tsakanin ɗan sanda da masu tonon tarihi. Abin da ya kama ni shi ne tushensa gaskiya ne. A 2003 an tono gawar da ake kira mutumin Old Croghan a wata fadama a yankin Offaly na Ailan, ya fi shekara 2,000 a kwance, dogo kusan mita 2, farcensa a gyare alamar bai yi aikin wahala ba, amma an huda damatsansa an zura murɗaɗɗun rassa, an yanke kan nononsa. A shekarar ce kuma aka samu na Clonycavan a Meath, gashinsa a ɗaure sama da man tsiro haɗe da ƙaron itace. Abin da ke hana su ruɓewa shi ne ruwan fadamar mai tsami ne da sanyi, iska ba ta shiga, sai fata ta jemu kamar an tsoma ta a bagaruwa, gashi ya koma ja. Masanin tonon tarihin nan na Ailan, Eamonn Kelly, yana ganin sarakuna ne aka sadaukar a kan iyakoki.

Marubucin ya mutunta mamacin, bai mai da shi abin ban tsoro ba, wannan ya min daɗi sosai domin ni har ga Allah ajiye gawarwakin nan cikin gilashi a gidan tarihin Dablin yana taɓa min zuciya, 'ya'yan wasu ne fa.

Tsakiyar littafin ta ja da yawa da zancen soyayya, rubutun ma ƙanana ne. Ku duba shafuka kafin ku biya tunda tsoffin littattafai ne, kuma ku je bayan isha'i, lokacin dattijon yake zama da kansa.