Manhajar YouVersion da Karatun Zabura 3

Majami'ar Life.Church da ke jihar Oklahoma a Amurka ce ta fitar da manhajar YouVersion ta karatun Littafi Mai Tsarki a shekarar 2008, kuma har yau kyauta ake sauke ta, babu talla a cikinta. Abin da ya fi shafar mai karatun Hausa shi ne tana ɗauke da fassara fiye da ɗaya a harshenmu, ciki har da Sabon Rai Don Kowa, ana kuma iya jera fassarori a kan aya guda domin a kwatanta su.

Na gwada ta da Zabura 3, addu'ar nan mai ayoyi 8 da masu bi ke yawan komawa gare ta sa'ad da suka ga magabta sun yi musu yawa. Kan zaburar ya nuna cewa Dawuda ya yi ta ne lokacin da yake gudun ɗansa Absalom, kuma a nan manhajar ta yi mini amfani sosai, domin cikin ɗan lokaci mutum zai koma 2 Sama'ila, sura 15 zuwa 18, ya karanta labarin gaba ɗaya. Zai ga sarkin ya fita Urushalima ya hau Dutsen Zaitun yana kuka, ba takalmi a ƙafarsa, alhali mashawarcinsa Ahitofel ya riga ya koma bayan ɗan tawayen. Zai ga wani mutum mai suna Shimai yana zaginsa yana jifansa da duwatsu, amma Dawuda ya hana jaruminsa Abishai ya sare masa kai. Wanda ya san wannan ne zai gane nauyin aya ta 5, inda mutumin da ake farautar ransa ya ce ya kwanta ya yi barci, ya kuma farka, saboda Ubangiji ne ke riƙe da shi.

Inda nake da ja shi ne tsarin mayar da aya hoto domin a tura wa jama'a. Yana da kyaun gani, yana da sauƙi, amma sauƙin ne ke sa a tsinke aya daga mahallinta. Aya ta 7, wadda ke maganar kakkarya haƙoran mugaye, idan ta fita ita kaɗai a WhatsApp sai ta zama habaici ga maƙwabci ko abokin aiki, alhali mai addu'ar da kansa ya umarci shugabannin yaƙinsa su yi wa Absalom a hankali, ya kuma yi makoki mai zafi da ya ji mutuwarsa. Alhakin wannan yana wuyan mai turawa, amma manhajar ba ta tilasta kowa ya karanta abin da ke gaba da bayan ayar.

Wurin rubuta tsokaci da shafa wa aya launi ya wadatar. Na haɗa zaburar da Matiyu 5:44, mai maganar ƙaunar magabta, da Romawa 12:19, mai maganar barin ramuwa ga Allah, ba tare da wahala ba. Ina ba fastoci da shugabannin zumuntar mata da na matasa shawarar amfani da ita a nazarin rukuni, da sharaɗin a karanta surorin Sama'ila huɗun nan kafin a buɗe zaburar.