Kuɗin ruwan da ya fita: saƙo daga Mancesta zuwa Zazzau

Assalamu alaikum mutanen Zazzau. A nan Mancesta takardar kuɗin ruwa gida biyu ce: na ruwan da ya shigo famfo, da na wanda ya fita ta bayi da wurin wanke-wanke. Baƙo zai ga kamar zalunci ne, a ce har ƙazantarka sai ka biya a ɗauke ta. Amma duk wanda ya ga ruwan da ke shiga matatar ruwan ƙazanta ta Davyhulme, nan yankin Mancesta, baƙi ƙirin, ya zagaya ya ga mai fita garau, bakinsa zai mutu. A wannan matatar ce a 1914 masana biyu, Ardern da Lockett, suka gano hanyar da biranen duniya ke bi har yau: a hura wa ruwan ƙazanta iska, ƙwayoyin bakteriya su cinye dattin, sannan a bar su su kwanta.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne kwalbar lita 1. Kullum ma'aikaci zai ɗebo ruwa daga tankin iska, ya ajiye minti 30, ya duba inda laka, wato tarin ƙwayoyin da suka kwanta, ta tsaya. Idan giram 1 na lakar ya cinye wurin da ya wuce mililita 150, matsala ta zo: wasu ƙwayoyi masu kama da zare sun yi yawa, sun hana lakar kwanciya, za ta bi ruwa ta fice. Sau da yawa ƙarancin iska ne sila, shi ya sa ake riƙe oksijin a wajen miligiram 2 a kowace lita. Kumfa ma magana take yi. Fara mai tashi kamar ta sabulu tana nuna lakar ba ta nuna ba, a rage zubar da ita. Mai ruwan ƙasa da yauƙi kuwa maiƙo ne da tsohuwar laka, sai a kwashe kumfar a ƙara zubarwa. Idan aka ga curin laka na tasowa saman tankin ƙarshe, inda ake barin lakar ta kwanta, ta daɗe a ƙasa ne har iskar naitirojin ta ɗago ta, maganinta a ƙara gudun famfon da ke mayar da ita tankin iska. Da hunturu ƙwayoyin da ke cin amoniyar da ke cikin ruwan kan yi sanyin jiki, dole a tsawaita kwanakin da laka ke yi a matatar kafin a zubar.

Su ma nan suna da nasu halin. Tsumman goge jarirai suke jefawa a bayi, su juye man suya a wurin wanke-wanke, abin ya naɗe famfo ya ƙona injinsa. A 2017 an tono dunƙulen maiƙo da tsumma a Whitechapel ta Landan, tan 130, tsawon mita 250. Kuma tsofaffin bututunsu na haɗa ruwan sama da na bayi, in aka tafka ruwa sai a saki rarar cikin kogi ba tacewa. Wannan kam abin takaici ne ga mai biyan kuɗi kan kari.

To mu fa? Don Allah kada wani ya ce a sayo mana irin wannan matata. Injin hura iska kaɗai kan ci kusan rabin wutar wurin ko fiye, in wuta ta ɗauke na sa'o'i ƙwayoyin su shaƙe, tanki ya ɗau wari. Abin da Allah ya ba mu, wanda mutanen nan ke nema ido rufe, rana ce. Ranar Zariya ta watan Maris, wadda nake kewa a duhun ƙarfe huɗu na yamma, ita kaɗai ta isa ta yi aikin cikin kududdufai uku a jere: na farko mai zurfin mita 3 zuwa 4 inda laka ke kwanciya, na biyu mita 1.5 inda gansakuka ke ba da oksijin, na uku mara zurfi inda rana ke kashe ƙwayoyin cuta. Babu janareta, babu dizal. Kulawa kawai suke so. A kwashe laka idan ta kai kashi ɗaya cikin uku na kududdufin farko, a yanke ciyawar gefe don sauro, a kuma lura da launi: kore lafiya, ja-ja ko ruwan hoda an yi masa lodi fiye da ƙarfinsa.

Kulawar nan ce ke ba mu wuya, jama'a. Ledar fiya wata ta cika lambatu daga Sabon Gari har Tudun Wada, kuma leda ko kududdufi ba ta bari lafiya, sai an sa ragar ƙarfe a mashiga ana sharewa kullum. Sai ka ga an haƙa masai taku kaɗan da rijiya, alhali mita 30 ake so a tsakani. Ruwan kwatar unguwanni ya gangara Kubanni, masu lambu su ja shi da inji su ba latas da kabeji, mu saya da yamma mu ci ɗanye da ƙuli-ƙuli.